Mai Gyaran Sanyi

Shekara talatin da ɗaya ina hawa rufin Jidda,
ina sayar wa mutane sanyi, ni ina cikin rana.
Na san kukan kwamfuresa tun kafin ta mutu,
yadda uwa ke gane tarin ɗanta cikin dare.

Ran Lahadi Abu Nawwaf ya kira ni ofis,
ya zuba mini gahawa, abin da bai taɓa yi ba.
Nan na san akwai magana.
Ya ce, "Ya Ilu, lissafin ma'aikata ya canza.
Ko mu ƙara 'yan ƙasa, ko a rufe mana shago.
Ga yaro nan, ka koya masa."

Mishari. Siriri, jallabiya fara fat,
takardar kwalejin fasaha cikin leda,
shekara biyu tana barci a durowa.
Ya cike fom har yatsansa ya haddace hanya,
ko'ina tambayar ɗaya ce: ina ƙwarewa?
A ina zai samo ta, ba wanda ya riƙe masa tsani?

Na so in ƙi shi. Wallahi na so.
Na miƙa masa sukudireba mai karyayyen baki,
na bar shi da tulun gas, hawa shida.
Bai ce uffan ba.
Kafin azahar tafinsa ya yi bororo,
ya cusa shi aljihu don kar in gani.

A gida kuma akwai Munzali.
A Karantina aka yanke masa cibi,
Larabcinsa ya girmi Hausarsa,
Kano a waya kawai ya san ta.
Shi ma ya karanta wayarin, da kuɗin gumina,
shi ya zo na biyu a ajinsu,
amma igamarsa ba ta ji labari ba.
Ta ce ɗan baƙo, ta ja bakinta.
Da dare yana gyara fankar maƙwabta,
a biya shi da kwanon shinkafa da sa albarka.

Wa zan zaga?
Mai gida ya ce 'ya'yansa za su fara ci.
Ko a Fagge haka za mu ce.
To wanda ya tsufa yana sharar tsakar gidan,
shi mene ne sunansa?

Ran Laraba, a kan wani otal a Balad,
Mishari ya kai hannu ga waya, wuta na ciki.
Na buge hannun kafin tunani ya iso.
"Kashe layi tukuna, ɗan nan!"
Da Hausa na faɗa,
da muryar da nake ajiye wa Munzali.
Ya dube ni, kuma ya gane.

Ranar na ba shi sukudirebata ta gaske.
Na nuna masa farautar yoyo da kumfar sabulu,
da yadda ake ɗora tafi a jikin inji
a ji zazzaɓinsa.
Wannan babu shi a littafin kwaleji.

Saura wata huɗu igamata ta ƙare.
Kafili bai ce e ba, bai ce a'a ba.
Tabawa ta fara tara kwalaye a bayan ƙofa.
Munzali na tambaya ko a Kano akwai wutar
da za ta riƙe mai gyaran sanyi.
Na yi dariya har sai da na share ido.

Jiya Mishari ya ce in ya buɗe nasa shagon,
Munzali zai fara nema.
Na ce Allah ya sa.
Ban gaya masa shi ma lissafi zai kira shi ofis ba.

Muka sauko da tsani, shi a gaba, ni a baya.
A hawa na uku wani baƙo ya ja bargo har wuya.
Bai san sunan ko ɗayanmu ba.