Tarwaɗa a Tafkin Tana

Babana Ayalneh, in koma ta kamo tarwaɗa,
sai ya riƙe ta a wuya, ya dubi gashin bakinta,
ya mai da ita ruwa kamar mai rakiyar baƙo.
Ba ta da kamɓori, in ji shi, ba cimarmu ba ce.
Shekara arba'in yana haka,
har da shekarar da muka ci irin shuka.

Yayana Tesfahun ya dawo daga Addis Ababa
da takalmi sau-ciki da sabuwar majami'a.
Ya ce, Baba, wannan dokar ta Yahudawa ce,
Almasihu ya sauke mana ita tun tuni
yadda ake sauke wa jaki mangala da yamma.
Wane kifi ne ya taɓa yin ƙarya?
Ka tuhumi harshe, ka ƙyale tukunya.

Baba yana ɗinkin koma, bai ɗaga kai ba.
Ya ce, ni ma da gicciye a wuyana aka yaye ni.
Kayan da kake faɗa, ban ji nauyinsa ba.

Inna Yeshareg ta ci gaba da juya miya
a tukunyar da Wubalem ta gina,
Bayahudiyar ƙetaren rafi,
wadda ba ta taɓa shan ruwa a moɗarmu ba,
in ta gama ciniki da mu sai ta yi wanka.
Ita ce kuwa ta tako cikin dare, ruwa iya gwiwa,
ta karɓi haihuwar Tesfahun.
Sun tashi tun ina goye, an ce Urushalima.
Tukunyar ta tsage a baki, Inna ta ƙi sakewa.

Ran Talata Tesfahun ya sayi tarwaɗa a bakin gaɓa,
ya ari kasko, ya hura wuta a bayan gida.
Ƙamshi ya haura danga bai yi sallama ba.
Baba ya ja kujerarsa, ya ba iska baya,
ya daɗe yana kallon tsibirin sufaye.

Can ya kira ni.
Ya ce, ɗebi gishiri da yaji ki kai masa,
yaron nan tun yana ƙarami bai iya girki ba.

Na kai.
Tesfahun ya gutsuro tsoka, ya miƙo mini.
Na tsaya da gishiri a tafin hannu,
yawuna ya tsinke,
ina jin tarin Baba ta cikin danga.