Ƙafa Biyu ko Huɗu

Shekara talatin da biyar ina malamin gona.
Ranar da kuɗin sallama suka faɗo
na goya Lamela bakanike a babur
muka nufi filin motocin Njidda, can hanyar Dukku.

Ga su nan, jif biyu, launin toka,
hanci ɗaya, kujeru iri ɗaya,
kai ka ce cikinsu ɗaya.
Njidda ya dafa ta farko:
"Wannan da ƙafafun gaba take ja,
na baya biyayya ce aikinsu.
Waccan kuwa duk huɗun ma'aikata ne,
babu ɗan kallo a cikinsu."
Na tambayi ratar kuɗi.
Ya sassauta murya kamar mai kawo saƙon rashi:
bijimi biyu a Tike, da ɗan canji.

Lamela ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ƙafafunsa kaɗai na bar wa ido.
Daga can muryarsa ta fito da ƙurar giris:
"Malam, mai huɗun nan baki huɗu gare ta.
Ta sha mai, ta nemi ƙari.
Taya ɗaya ta fashe,
sai ka yi wa duk huɗun ɗinkin salla.
Ga wani dogon ƙarfe a cikinta,
ranar da ya yi kuka, kai ma ka yi."

Na kira gida.
Dudu ta saurara har na gama, ta ce,
"Daga Pantami zuwa masallaci,
kasuwa, asibiti ranar awon suga.
Duk kwalta ce. Wane dutse za ka hau?"

Na yi shiru.
Ta san dutsen. Ni ma na sani.

Bara, cikin Agusta,
an yi waya bayan isha'i: Inna ba ta magana.
Na ari motar maƙwabci, na bi ta Kaltungo,
na hau tudun Tula ruwa na dukan gilashi,
har bakin rafin nan na bayan gari.
Nan laka ta kama mu.
Tayoyin gaba na ta juyi
kamar injin niƙa da babu hatsi,
na baya sun tsaya cak,
ba su tura ba, ba su ja ba.
Na tona da hannu. Na cusa duwatsu, na cusa kara,
har hulata na cusa.
Da asuba na ƙarasa a ƙasa, taɓo har gwiwa,
na tarar an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Na ɗauki biro na yi lissafi a tafin hannu:
kwana ɗari uku da sittin na kwalta,
kwana biyar na laka.
Ana ciyar da shekara guda saboda kwana biyar?
Biron ya ce a'a.
Gwiwata ta ce, ka tambaye ni.

Lamela ya fito yana goge yatsu da tsumma.
Ya dube ni, ya dubi waccan mai huɗun,
ya ce a hankali don kada Njidda ya ji,
"Giyar baya duk ɗaya ce, Malam.
Ba wadda ke komawa bara."

Na ɗauki mai jan gaba.
Ragowar kuɗin ya rufe ɗakin Goggo da kwano,
ita kaɗai ta rage a gidan.
Na sayi igiya mai kauri, da shebur,
suna kwance a but, ko leda ban cire ba.

Motar ba ta da laifi.
Mai kaɗan take sha, Dudu na yaba ta gaban baƙi.
Sai dai in hadari ya taso daga kudu da dare
nakan ɗora wayata kusa da kunne,
in fita da tocila in zagaya,
in tsaya a kan tayoyin baya,
in ɗan taɓa su da ƙafa.