Masu Gadin Cikin Jini

Ɗaki ɗaya muka kama a Agege,
ni da Barau, bayan layin dogo,
inda wucewar jirgi ke sa kwanoninmu rawa.
Shi yana tura kurar ruwa, jarka goma sha biyu,
ni ina gadin wani gida a Ikeja, magariba zuwa asuba.
Katifa guda ce: in na dawo ya tashi,
in kwanta cikin ɗumin da ya bari.

Da damina ta kankama tarin ya fara.
Muka ce laimar bango ce,
muka dafa citta da kanumfari.
Wata biyu. Kura ta yi tsatsa a ƙofa,
mazagin wandonsa kullum sai an ƙara ja.
Katifa ta zama tasa shi kaɗai,
ni na koma tabarma,
ina ƙirga tarinsa kamar mai bin bashi.

Ban lura da ranar da nawa jikin ya soma ba.
Ƙyauren gidan aiki ya karce ni a yatsa,
ɗan karce, ko yaro ba zai yi wa kuka ba,
sati uku yana ruwa.
Maruru biyu suka yi sansani a hammata.
Mura ta zo baƙunta, ta ƙi sallama.
Burodi a bakina kamar audugar matashi.

Ranar karɓar maganinsa, nas Ibironke,
wadda ta tashi a Funtuwa, Hausarta ta fi tawa gishiri,
ta dube ni ta saman tabarau:
"Wane ne majinyacin a cikinku?"
Aka auna majinata, aka ɗauki hoton ƙirji.
Ta ce, "Ba ka ɗauki cutarsa ba,
amma garkuwar jikinka ta gaji.
Akwai masu gadi a cikin jininka,
ka hana su barci."

Na yi dariya har ta tsargu.
Ni za a koya wa gadi?
Na san abin da dare na uku ke yi wa ido:
ko ka yi gyangyaɗi ɓarawo ya tsallake ƙafarka,
ko ka zabura ka lafta wa inuwar mangwaro gora.
Ashe duk tarin da Barau ya yi,
su ma miƙewa suke da tocila,
su duba ƙofa, su duba katanga,
ba kowa,
su koma, ya sake, su sake,
sau arba'in kafin kiran sallah.
Da ƙaramin ɓarawo ya zo ta yatsa,
babu mai sauran ƙarfin ihu.

Da na ji ana cewa zama da maɗaukin kanwa
shi ke kawo farin kai,
ƙura kawai nake hange.
Ban san fargaba ma tana da gari ba,
mai laushi, ba ya tsayawa a gashi.

Ta ce a buɗe taga. Tagarmu kafe take da ƙusa
tun zamanin wani ɗan haya;
na cire su da bakin adda.
Ta ce in ci abinci a zaune.
Ta ce ko gidan attajiri ana canjin gadi.
Yanzu Talata da Juma'a Gambo tela ke kwana da shi,
ni in miƙe a bencin shagonsa,
cikin ƙyallaye da warin man keke,
in yi barci kamar an jefa dutse a rijiya.

Jiya Barau ya shanye kofin koko,
har ya nemi ƙosai.
Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce,
"Kawo yatsan nan in gani."
Na miƙa. Ya yi ɓawo.
Ya riƙe shi da hannunsa mara nauyi,
jirgin ƙarfe bakwai yana wucewa,
kwanoni suna rawarsu.