Ɗacin da Aka Yi wa Kwalliya

Ƙarfe shida a Kolkata.
Ruwa ya tsuge tun azahar, titi ya koma kogi,
tarago na ratsa shi kamar saniya mai tsohon ciki.
Fankar sama na juyi cikin kasala.
Na goge katako, na jera tambulan.
Shekara talatin da ɗaya ke nan ina bayan teburin nan.

Uwargida Labanya Bhaduri ta shigo, lema na ɗiga,
bakin zanenta ya jiƙe sharkaf.
Ba ta magana. Yatsa ɗaya take ɗagawa.
Na sani.

Ƙanƙara tukuna, manya, har baki,
ba a yi wa wannan kofi rowa.
Sai jin, awo ɗaya,
ƙamshinsa kamar an karya ɗanyen reshe
a wani dajin da ban taɓa zuwa ba.
Tonik a karkace, ya bi jikin gilashi,
kada kumfar ta firgita ta gudu.
Lemun tsami: yanka guda, matsa guda, saki.
Juyi ɗaya. Mai juyawa sau biyu
bai san abin da ke hannunsa ba.

Ta kurɓa, ta lumshe ido.
Kafaɗunta suka sauka daga inda ofis ya rataye su.
"Sunansa jin," in ji ta, "to ga jin daɗi."
Kullum haka take faɗa, kullum nakan yi dariya.

Amma ɗacin nan da ke maƙale a ƙarshen harshe
ya girme mu duka.
Ɓawon wata bishiya ne can a duwatsun Peru,
wasu hannuwa suka saɓule shi, ba a rubuta sunansu ba.
Ya hau jirgi, ya ƙetare teku, ya koma gari fari,
aka ce masa kwinin,
aka ce shi ne mai korar zazzaɓin sauro.

Sojan Ingila ya zo da bindiga da jar riga,
sauro bai duba rigar ba.
Likita ya ce a sha. Suka sha, suka yamutsa fuska.
Wani ya zuba sukari. Wani ya ƙara soda.
Wani ya dubi kwalbar rabonsa ya ce, me zai hana?
Da haka magani ya yi wanka, ya sa turare,
ya fito zaure ana gaishe shi.

Kakana Bostiao ne ke ɗaukar tire a bariki,
farar safar hannu, ƙafa ba takalmi.
Kofi arba'in a dare guda, bai taɓa ɓarar da ɗigo ba.
Bayan madafa kuwa, a ɗakin da rufinsa ke yoyo,
Perpetua na rawar ɗari ƙarƙashin buhu uku.
Tsakanin kwalba da gadonta taku ashirin ne.
Ya ƙirga.
Mabuɗin kabad na aljihun sajan.
Ba ta ga ƙarshen daminar ba.

Ban taɓa gaya wa Uwargida Bhaduri wannan ba.
Ta zo hutawa ne, kuma kofin bai yi laifi ba.
Kwinin ɗin yau ma kaɗan ne, na ɗanɗano,
ko ɗan sauro ba zai razana ba.

Sai dai bayan an tashi,
kujeru sun hau tebur, ƙafafu a sama,
nakan haɗa ɗaya, in rage sukarin zance,
in zauna bakin taga ina jin kwaɗi.
Kurɓar farko tawa ce: sanyi, tsami, kumfa na tsalle a hanci.
Ta biyu ma tawa ce, ba zan yi ƙarya ba, da daɗi.
Ta ƙarshe, inda ɗacin ya taru,
nakan miƙa hannu waje in zuba wa ƙasa.

Ga shi, Perpetua.
Ya makara, amma ya iso.