Ambulan na Uku

Ranar Litinin aka kawo su, ambulan biyar,
kowanne an toshe masa baki da jan hatimi.
Ni ce mai rajista a ofishin kwangila na Valparaiso,
hawa na biyu, taga guda mai duban teku.
Aikin da ake nema: gyaran keken ƙarfen da ke hawa dutse,
wanda igiyarsa ke kuka tun farkon sanyi.

Da na ɗauki na uku sai na gane rubutun.
Bakwai ɗin nan mai ɗamara a ƙugu,
ni na koya masa ita a teburin girki
yana ɗan shekara shida, da majina a hanci.
Eladio Barrientos da 'Ya'yansa, Walda da Ƙira.
'Ya'yan ko firamare ba su gama ba,
fata ne ya sa sunansu a allo.

Shafi na tara na littafin ƙa'ida,
shekara goma sha ɗaya ke nan da na sa masa hannu
ban karanta ba, ina ɗokin albashi.
Yau shi ya karanta ni:
in jininka na cikin masu nema, ka faɗa, ka janye;
abin da ka gani a tebur, a tebur zai kwana.

Na ce wa Madam Ulloa, "Ƙanena ne."
Ba ta ɗago ba. Ta turo fom da bayan biro.
"Cike. Ki ba Nicanor makullin."
Na cire shi daga wuya, wurin ya yi sanyi.

Amma fom ba ya wanke ido.
Kuɗin da injiniyoyi suka ƙiyasta, ni na buga shi,
ya zauna a kaina daram, har da sifirinsa,
kuma har zuwa Laraba mai nema na iya canja takarda.

Lahadi muka haɗu gidan Mama, can saman tudu.
Miyar kifi, burodi, rediyo na surutun ƙwallo.
Eladio ya ajiye hannuwansa kusa da kwanona,
duk tabon wuta, farce biyu sun mutu.
Bai tambaya ba. Hannunka mai sanda ya yi:
"Rosenda, ruwan nan,
a gwiwa yake ko ya kai wuya?"
Mama ta daina juya ludayi.
Ta ce, ba da kowa ba, naka sai naka.

Lambar ta taso ta tsaya bayan haƙorana
kamar ƙayar kifi.
Tari ɗaya ya isa. Ɗaga gira ma ya isa.
Amma magana zarar bunu ce,
kuma sauran huɗun ma suna da uwa mai miya.
Na ce, "Mama, gishirin ya ji."
Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba;
ranar nawa ya ƙoshi tun ban ci ba.

Ran Laraba suka buɗe, ina ɗakin kwafi
ina sauraren injin yana haɗiyar takarda.
Wani kamfani daga Quilpué ya samu.
Tazarar ba ta kai kuɗin tayoyin motarsa ba.
Wannan ma ban faɗa masa ba.

Mako uku bai kira ni ba.
Keken na tsaye, da ƙafa nake hawa gida,
matakala ɗari da sittin da biyu, na ƙirga,
ina hutawa a ta casa'in wajen mai sayar da lemo.
Jiya na iso ina haki, na tura ƙofar gidana,
wadda shekara biyu sai an ɗaga ta take buɗewa.
Ta buɗe shiru.
A jikin ƙarfen akwai sabuwar walda,
na taɓa, da sauran ɗumi.