Ga Ruwa, Ga Wuta

Shekara sha bakwai nake kwanciya
ƙarƙashin motocin kwana-kwana,
bayana a kan kwali, sifana a hannu.
Na san tarin kowacce kamar tarin ɗana.
Wannan kuwa sabuwa ce, Jar Goɗiya muke ce mata,
ko ledar kujerarta ba mu gama ɓarewa ba.

Daren Talata, bayan an sallame isha'i,
waya ta yi ƙara: gobara wajen Ƙofar Guga,
layin teloli, saura kwana shida Sallah.
Lawandi ya murza makulli, jiniya ta tsaga gari,
masu shayi suka janye benci,
har karnuka suka ba mu hanya.
Minti tara muka yi. Na duba agogo, na rantse.

Barau ya ja tiyo, ya dafe ƙafa kamar mai kokawa,
ya ce, "Sallau, saki!"
Na saki.
Abin da ya fito bai kai na bakin buta ba,
ɗis, ɗis, a kan takalminsa.
Ciki cike da ruwa har wuya,
ga ruwa, ga wuta, taku goma tsakaninsu,
ba su gaisa ba.

Na ji ƙaurin shadda, na ji kekunan ɗinki suna fashewa.
Mata da bokiti, yara da robar wanki,
masu kura suna zazzage jarka.
Tanimu tela ya tsaya da almakashi a hannu,
shi kaɗai ya fitar.
Bai zage mu ba. Da ma ya zaga.
Wani ne daga baya ya jefo dutse,
gilashi ya tsage, aka ce bakanike ya sayar da kaya.

Da safe na kwance famfo, na zube shi a tabarma.
Wani zobe na samu, bai kai ƙwaryar goro ba,
ya dare gida biyu.
Ashe girman giwa, ƙaya ɗaya ke gurgunta ta.

Sai ranar Alhamis Malam Ila masinja
ya kira ni gefe, ya miƙo ambulan.
Kamfani ne ya rubuto tun watan Rajab:
duk mota mai lamba kaza zuwa kaza,
zobenta na tsagewa in ya ji zafi,
a daina fita da ita, a maido, gyara kyauta.
Har da ban haƙuri a ƙasa.
A bayan ambulan akwai shatin gindin kofi,
wani ya daɗe yana ɗora shayinsa a kai.

Yau tirela ta zo.
Mai ɗaukar rai a hannu, ita aka goya,
aka ɗaure ta da sarƙa, aka bi hanyar Kano.
Jiniyarta shiru.
Mun koma kan tsohuwar, mai tarin asuba,
wadda sai an tura take tashi.

Da yamma na bi ta layin teloli.
Tanimu ya aro keke, yana ɗinki a gindin darbejiya.
Na yi sallama, ambulan na aljihuna.
Ya amsa, ya ce in zauna,
ya ci gaba da zura zare.
Ban san ta inda zan fara karanta masa ba.