Kafa Biyu, Baki Huɗu

Kafa biyu rak aka yi wa talabijin ɗinmu a bayansa,
mu kuwa huɗu ne a gidan, kowa da buƙatarsa.

Babana Evaristo na da dikoda
don 'yan koren riga in sun fito fili ran Lahadi.
Ɗana Amaro na da akwatin wasa
inda yake tuƙa motocin da ba sa shan mai.
Ƙanwata Ximena ta zo da wani abu kamar ɗan yatsa
mai janyo finafinai ta iska.
Ni kuwa rabona durƙuso:
tocila a baki, kunci a jikin bango,
in zare na wannan, in cusa na wancan,
kullum da wanda ba ya gaishe ni.

Gidanmu na katako ne, maƙale a tudun Valparaiso.
In jirgin ruwa ya yi kuka a tasha
har cokula sai sun amsa.

Sai ga Yuli da ruwanta da sanyi.
Baba ya shiga ɗaki ya daɗe,
ya fito rungume da tsohuwar bidiyo
da kaset guda, rubutun mahaifiyata a gefensa:
Bakin teku, Janairu.
Wayoyinta uku, ja, fara da ruwan ɗorawa,
kawunansu zagayayyu, kafofinmu masu faɗi.
Na juya, na sake juyawa.
Ba dangin iya, ba na baba.

Na gangara gari, matakala ɗari da ɗoriya,
shagon Don Rigoberto mai wayoyi.
Ya saurare ni yana tauna tsinken ashana,
ya ce, talabijin ɗin yanzu tafinta suke so.
Ya miƙo akwati biyu, kowanne bai fi sabulu ba:
ɗaya mai juya tsohon harshe zuwa sabo,
ɗaya mai baki huɗu da wutsiya guda
da maɓallin da ke ba kowa layinsa.
Kuɗin kifin mako na zube masa.

Da dare na manna wa kowace waya takarda da suna.
Amaro ya riƙe tocila, hannunsa na rawa,
Ximena na karanto umarni daga shafin da ba namu ba.
Na danna ɗaya, ƙwallo.
Biyu, motoci.
Uku, wasu masoya na gardama a jirgin ƙasa.
Huɗu, shuɗi.
Shuɗi kawai.
Baba bai ce uffan ba, yana ta murza hularsa.

Na zare, na hura kan wayar kamar mai tada garwashi,
na danna har babban yatsana ya yi fari.
Allo ya yi yayyafi, ya yi zare-zare,
sannan ga ta.
Herminia, takalma a hannu, riga mai furanni,
tana tsokanar igiyar ruwa,
tana waiwayowa, bakinta na motsi.

Amma muryar ba tata ba ce.
Na manta sifika na ɗaure da dikoda tun bara.
Daidai lokacin da ta jefa ƙafa cikin kumfa
mai sharhin ƙwallo ya ɓarke da ihu:
Ta shiga! Ta shiga! Ta shiga!

Na zabura zan gyara.
Baba ya cafke gwiwar hannuna.
Bar su, in ji shi.
Shekara arba'in tana cewa na fi jin mutumin nan a kanta,
yau ga shi yana yi mata kirari.
Ya yi dariya har ya nemi hankici,
ya daɗe bai ajiye shi ba.

Da suka kwanta na mai da ja gun ja, fara gun fara,
na rage murya, na koma farko.
Abin da take faɗi bai taka kara ya karya ba:
Evaristo, ajiye abin nan, zo karɓi yarinyar, ta yi nauyi.

Yanzu wutsiya guda ta ɗauke mu duka.
Kafa ɗaya ta rage a bayan talabijin, ba kowa cikinta.
Ximena ta ce a sa mata wani abu.
Na ce sai wani makon.